Me ya sa ake sa wa jiragen ruwan yawon buɗe ido haraji, wasu biranen ma suna korarsu?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na ji a labarai cewa ƙasar Girka ta fara karɓar Yuro 20 daga duk fasinjan da ya sauka daga jirgin ruwan yawon buɗe ido a wasu tsibiranta, kuma wai birnin Benis na Italiya ya hana manyan jiragen shiga. Abin ya ɗaure min kai. Ashe ba kuɗi waɗannan mutane suke kawowa ba? Wa yake korar mai saye daga bakin shagonsa? Sannan harajin nan wa ke biya, kamfani ko fasinja? Yana rage cunkoson kuwa?

Amsa: Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Tambayoyi uku ka dunƙule, kuma ta ƙarshen ta fi nauyi. Bari in faɗa maka inda zan sauka tun yanzu: haraji yana tara kuɗi, amma da ƙyar yake rage ko mutum ɗaya. Abin da ke rage cunkoso shi ne a ƙayyade adadi a tsara lokaci, kuma ba kowace tasha ce take da ƙarfin yin haka ba. Na yi shekaru ina aikin wakilcin jiragen ruwa, mu ne masu tsaya wa jirgi idan ya iso tasha, mu shirya masa takardu mu biya masa kuɗaɗen hukuma. Galibi jiragen dakon kaya na yi wa, amma lissafin tasha iri ɗaya ne, kuma ta wannan taga nake kallon maganar.

Fara da girman abin. Icon of the Seas, wanda kamfanin Royal Caribbean ya fara aiki da shi a watan Janairun 2024, tsawonsa kusan mita 365 ne, hawa 20, yana ɗaukar fasinja har 7,600 ban da ma'aikata sama da 2,300. Kusan mutum dubu goma ke nan cikin ƙarfe guda. Ba duka jiragen suka kai haka ba, amma mai ɗaukar 3,000 zuwa 5,000 ya zama ruwan dare. Ƙungiyar kamfanonin, wato CLIA, ta ce fasinja miliyan 34.6 aka ɗauka a 2024, alhali a 2019, kafin korona ta tsayar da komai, ba su cika miliyan 30 ba. Miliyoyin nan kuwa ba bazuwa suke yi cikin duniya ba. Wurare 'yan kaɗan suke nufa, cikin watanni 'yan kaɗan, kuma duk da safe suke son sauka.

Misalinka na mai saye a bakin shago yana da kyau, sai dai wannan mai sayen da guzurinsa ya zo. Baƙon da ya iso gari ta jirgin sama zai kama ɗaki a otal, ya biya harajin kwana, ya ci abincin safe da na rana da na dare a cikin gari, ya shiga tasi, ya kwana uku ko huɗu. Shi kuwa fasinjan jirgin ruwa gadonsa yana cikin jirgi, abincinsa ma ya riga ya biya tun a tikiti. Zai karya kumallo ya sauka wajen ƙarfe tara, ya zagaya, ya ɗauki hotuna, ya sha kofi ko ya sayi ɗan tsaraba, kafin la'asar ya koma don kada jirgi ya tashi ya bar shi. Wasunsu ma abincin rana a jirgi suke komawa su ci, tunda kyauta ce a ganinsu. Idan kuma yawon gani da ido zai je cikin mota da ɗan jagora, to tun a cikin jirgin ya sayi tikitin, kamfani ya cire kasonsa mai tsoka kafin saura ya isa hannun mai motar da ɗan jagoran. Manyan kamfanonin nan kusan kashi ɗaya cikin uku na kuɗin shigarsu daga abin da fasinja ke kashewa bayan ya hau jirgi yake fitowa: mashaya, gidan caca, shaguna, intanet, da irin wannan yawon. Ma'ana an gina sana'ar ne a kan kuɗin fasinja ya tsaya a jirgi. Ban ce gari ba ya samun komai ba. Masu tasi, masu tsaraba, 'yan jagora da ma'aikatan tasha suna ci. Amma shara, ruwan sha, banɗaki, 'yan sanda, motar asibiti da lalacewar hanya, duk a wuyan gari suke.

Ƙara da cewa kamfanonin da kansu ba a inda suke cin kasuwa suka yi rajista ba. Carnival a Fanama ya yi rajista, Royal Caribbean a Laberiya, Norwegian a Bamuda, duk da cewa manyan ofisoshinsu suna yankin Miami ta Amurka. Jiragen kuma tutar Bahamas ko Fanama ko Malta ko Bamuda suke ɗagawa. Ba haramun suka yi ba, doka ta yarda, kuma da haka harajin riba da suke biya yake zama ɗan mitsitsi. (Wani abin dariya, ita kanta rajistar jiragen Laberiya daga jihar Bajiniya ta Amurka ake gudanar da ita.) To mazaunin gari da ke kallon wannan lissafi, abin da yake gani shi ne kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Ga Santorini ta Girka, tunda ita ce ta jawo tambayarka. Tsibiri ne da aman wuta ya fafe tsakiyarsa teku ya cike ramin, garin Fira yana can saman gaɓa mai tsayi kamar an ɗora shi a bakin katanga. Mazauna tsibirin duka ba su wuce 15,500 da wani abu ba. Babu matsayar da katon jirgi zai jingina, don haka a tsakiyar ruwa yake tsayawa, ƙananan jirage su yi ta jigilar mutane zuwa tsohuwar tasha da ke gindin dutsen. Daga nan hanya uku ce: ko ka hau matakala kusan 600 da ƙafa, ko ka hau jaki ko alfadari a kan matakalar nan dai, ko ka shiga akwatunan da ke rataye a waya su haura da kai. Akwatunan nan ba su wuce ɗaukar mutum dubu ɗaya da 'yan ɗaruruwa a awa ba. To ka ƙaddara jirage huɗu ko biyar sun tsaya tare. Da safe layi ne a ƙasa, da yamma layi ne a sama, cikin zafin rana, mutane na duba agogo don tsoron jirgi ya tafi. Lungunan garin kuwa wasu mutum biyu ne ke giftawa da ƙyar. A 2023 jirage kimanin 800 suka zo da fasinja kusan miliyan 1.3. A watan Yulin 2024 an samu ranar da ake sa ran mutum kimanin 17,000, har wani jami'in gari ya wallafa saƙo yana roƙon mazauna su rage fita, jama'a suka yi masa ca, ya goge. A ce wa mai gida ya zauna a ɗaki don baƙi su wuce, ai ka san an kai inda ba a so.

A watan Satumban 2024 Firaministan Girka Kyriakos Mitsotakis ya sanar da harajin, aka fara karɓa a watan Yulin 2025. Yuro 20 ɗin na Santorini da Mikonos ne kawai, daga Yuni zuwa Satumba; sauran tashoshin ƙasar Yuro 5. A watannin Afrilu, Mayu da Oktoba yana sauka zuwa 12 da 3, lokacin sanyi kuma 4 da 1. Ana raba kuɗin tsakanin ƙananan hukumomin da abin ya shafa da ma'aikatar sufurin ruwa da ta yawon buɗe ido.

Wa ke biya? Fasinja. A nan sai ka bambanta kuɗi iri biyu. Akwai tsofaffin kuɗaɗen tasha da kowane jirgi ke biya, ko siminti ya ɗauko ko mutane: kuɗin matsaya, kuɗin matuƙin da zai hau ya shigo da shi, kuɗin jiragen ja, kuɗin fitilun hanya, kuɗin kwashe shara, kuɗin ruwa. Idan jirgi ya tashi, wakili yakan zauna ya jera su layi-layi a takarda ɗaya da rasit ɗinsu ya aika wa mai jirgi, kuma na sha ganin ana kwana uku ana musu a kan layi guda. Waɗannan da girman jirgi ake lissafa su. Sabon abin shi ne harajin kai, wanda ake ɗauko jerin sunayen fasinja a ninka da kuɗin. Kamfani ko wakilinsa ne ke miƙa wa hukuma, amma a takardar tikiti akwai wani layi daban na haraji da kuɗaɗen tasha, can yake zuba shi, ko ya caje shi a asusun fasinja na cikin jirgi. Kamfani ɗan aike ne kawai a wannan ciniki.

Shi ya sa ba na sa ran zai rage mutane. Wanda ya biya dala dubu ɗaya ko biyu ya tsallako teku don ya ga faɗuwar rana a Santorini, Yuro 20 ba za ta sa ya fasa ba. Gwamnatin Girka ma ta san haka, don abin da ake riƙe cunkoson tsibirin da shi daban ne: iyakar fasinja 8,000 a rana da rabon ranakun zuwa tsakanin jirage. Benis ma ta gwada kuɗin shiga ga masu zuwa su koma a rana ɗaya, ko ta wace hanya suka zo. An fara ranar 25 ga Afrilun 2024, Yuro 5, na kwanaki 29 a shekarar; a 2025 aka ƙara kwanakin zuwa 54, wanda ya makara wajen yin rajista kuma ya biya 10. Kuɗi ya shigo, amma 'yan adawa a majalisar birnin sun dage cewa tituna ba su ragu da kowa ba.

To idan fasinja bai damu ba, me ya sa kamfanoni ke yaƙar harajin haiƙan? Saboda tsoron kada ya zama al'ada. Jirgin da ke zagayen mako guda yakan tsaya a tasha biyar ko shida. Idan kowace ta sa dala 20, iyali mai mutum huɗu sun ga ƙarin ɗaruruwan daloli a tikitin da aka tallata musu da araha. Kuma suna da makamin da otal ba shi da shi. Ka tuna jangali: kai ake ƙirgawa, amma dukiyar tana da ƙafa, idan wannan hakimi ya tsananta sai makiyayi ya kora garkensa ƙasar wancan kafin masu ƙirga su iso. Jirgi ma haka. Mai otal idan an ƙara masa haraji sai dai ya yi gunaguni ya biya, mai jirgi kuwa jadawali zai sauya.

An gani a aikace. A 1999 ƙaramar ƙasar Grenada da ke yankin Karibiyan ta sa dala ɗaya da rabi a kan kowane fasinja don aikin zubar da shara, Carnival ya janye jiragensa daga tsibirin. Dala ɗaya da rabi fa. Maƙwabtanta suka ɗauki darasi, kuma duk yunƙurin da ƙasashen yankin suka yi na su haɗa kai su tsayar da haraji ɗaya, don kada a riƙa haɗa su kokawa, ya sha ruwa. A jihar Alaska masu ƙuri'a sun amince da dala 50 a kan kowane fasinja a 2006. Kamfanoni suka kwashe wasu jiragensu suka kai wasu wurare, a 2010 majalisar jihar ta rage babban kason daga dala 46 zuwa 34.50. Amstadam ta sa Yuro 8 a 2019, nan take wasu kamfanoni, ciki har da MSC, suka karkatar da jirage zuwa wasu tashoshin Holan, duk da haka birnin bai ja da baya ba, a 2024 ma ya kai shi 14. Meziko kuwa, mai tsibirin Cozumel da ke karɓar fasinja sama da miliyan huɗu a shekara, majalisarta ta amince da dala 42 a ƙarshen 2024. Kamfanoni suka tada jijiyar wuya, aka ɗage, aka zauna, aka tashi da dala 5 daga 1 ga Yulin 2025, wadda za ta riƙa hawa a hankali har ta kai 21 a 2028. Daga 42 zuwa 5, kai ma ka san wanda ya yi rinjaye a zaman.

Bambancin Amstadam da Grenada shi ne kan maganar. Idan abin da kake sayarwa rana ce da yashi da shuɗin ruwa, to tsibiri na gaba ma yana da su. Kamfanonin ma sun riga sun gano ba sa buƙatar garin kowa: Royal Caribbean yana da CocoCay a Bahamas, Disney yana da Castaway Cay, Carnival ya buɗe Celebration Key a 2025. Wurare ne da suka yi haya ko suka gina, daga lemon kwalba har kujerar bakin ruwa nasu ne. Amma Benis ɗaya ce a duniya, kuma da hotonta ake sayar da tikitin. Wanda ba a iya musanya shi, shi ke iya gindaya sharaɗi.

Duk da haka, ita ma Benis sai da ta shekara tara tana jan ƙafa. Birnin a kan turakun itace da aka kafa cikin laka yake zaune, a tsakiyar tafki marar zurfi da ke haɗe da teku. Da, manyan jirage ta gaban dandalin San Marco suke bi su ratsa mashigin Giudecca zuwa tasharsu, jirgi ya fi yawancin gine-ginen birnin tsayi, fasinja na leƙen rufin gidaje daga sama. Ruwan da katon jirgi ke turewa yana motsa lakar ƙasa yana zaizaye gindin gine-gine, ga hayaƙi. Bayan jirgin yawon buɗe ido Costa Concordia ya daki dutse a gefen tsibirin Giglio na Italiya ranar 13 ga Janairun 2012, mutum 32 suka rasu, gwamnatin Italiya ta fitar da doka ta hana jiragen da suka wuce tan 40,000 bin wannan hanya. Sai dai an maƙala mata wutsiya: ba za ta fara aiki ba sai an samo wata hanyar. Ba a samo ba, jirage suka ci gaba da wucewa, mazauna masu taken "No Grandi Navi", wato ba ma son manyan jirage, suka ci gaba da fita zanga-zanga a ƙananan kwale-kwale. Da safiyar Lahadi 2 ga Yunin 2019 jirgin MSC Opera ya ƙwace, yana ta busa ƙaho, ya goga gaɓar San Basilio ya daki wani ƙaramin jirgin 'yan yawon buɗe ido da ke ɗaure, mutane na gudu a bakin ruwa. Allah ya taƙaita, rauni kawai aka ji, amma duniya ta ga bidiyon. Ko a nan ma ba a motsa ba sai da UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta yi barazanar sa birnin cikin jerin wuraren tarihi da ke cikin haɗari. Kwanaki kaɗan kafin zaman kwamitinta a watan Yulin 2021, gwamnatin Firaministan Italiya Mario Draghi ta ayyana mashigan a matsayin kayan tarihin ƙasa, ta hana duk jirgin da ya wuce tan 25,000, ko tsawon mita 180, ko tsayin mita 35, daga 1 ga Agusta. Tan ɗin nan ma'aunin faɗin cikin jirgi ne, ba nauyinsa a sikeli ba, kuma Icon of the Seas ya ninka wannan iyaka kusan sau goma.

Me ya biyo baya? Jiragen sun daina wucewa ta gaban San Marco, wannan nasara ce ta gaske. Amma wasu suna shiga tafkin ta wata ƙofa su tsaya a Marghera, yankin masana'antu, ta mashigin da tankokin mai ke bi, abin da masu kare tafkin ke cewa an gudu ba a tsira ba. Wasu kuma suka koma tashoshin biranen Ravenna da Trieste na Italiya, a zuba fasinja a manyan motoci a kawo su. Mutanen suna nan tafe, tashar ce ta rasa kuɗin matsaya, ma'aikatanta da dama suka rasa aiki. Kuma a yi adalci: fasinjojin jirgin ruwa ƙaramin kaso ne na masu zuwa Benis, mafi yawa ta jirgin ƙasa da mota suke shigowa. Mazauna tsohon birnin sun ragu daga kimanin 175,000 a farkon shekarun 1950 zuwa ƙasa da 50,000 a 2022, kuma tsadar haya da mai da gidaje masaukin baƙi sun fi jirgi laifi a nan. Jirgi dai shi ne ya fi girma a ido, shi ya fi sauƙin nunawa da yatsa.

Wanda ya fi burge ni shi ne Dubrovnik ta Kuroshiya, don ba ta yi surutu sosai ba. Tsohon gari ne mai ganuwa da ƙofofi 'yan kaɗan, kamar dai a ce birni ne da kowa sai ta ƙofa biyu ko uku zai shiga. UNESCO ta yi gargaɗi a 2016. Magajin gari Mato Franković, da ya hau a 2017, ya zauna da kamfanoni aka sake jadawali, daga 2019 aka koma jirage biyu a lokaci guda, aka kuma rarraba su cikin kwanakin mako maimakon su taru rana ɗaya. Ba a rage baƙin shekara da yawa ba, an dai hana su isowa tare. Ga wanda ya yi aikin tasha wannan ba baƙon abu ba ne. Jirage goma a mako ba matsala, jirage shida a safiya ɗaya su ne matsala. Kamfanoni kan tsara tafiyarsu shekara biyu gaba, don haka duk wanda ke riƙe da littafin rabon matsaya ya fi mai karɓar haraji iko nesa ba kusa ba. Palma da ke tsibirin Mayoka na Sifaniya ta bi wannan hanya daga 2022, jirage uku a rana, ɗaya kawai cikinsu zai wuce fasinja 5,000. Amstadam ta yanke rage jiragen teku daga 190 zuwa 100 a shekara daga 2026, da niyyar fitar da tashar daga tsakiyar birni nan da 2035. Barcelona ta cimma yarjejeniya a 2025 ta rage tashoshin fasinja daga bakwai zuwa biyar nan da 2030.

Sai batun wa ke da ikon hanawa. Tsakanin ƙasa da ƙasa maganar a sarari take. Yarjejeniyar dokar teku ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1982 ta ba kowane jirgi damar wucewa salin-alin ta ruwan ƙasa, mil 12 na ma'aunin teku daga gaɓa, ba tare da an caje shi don wucewar kawai ba. Amma shiga tasha sai da izini, kuma ƙasa na iya sa sharuɗɗanta. Rigimar a cikin gida take, tsakanin gari da jiha da tarayya, domin sau da yawa wanda ke shan wahalar ba shi ke da tashar ba. A Key West ta Amurka masu ƙuri'a sun amince a watan Nuwamban 2020 cewa kada a sauke sama da mutum 1,500 a rana, kuma kada jirgin da ke ɗaukar sama da 1,300 ya zo. A 2021 majalisar jihar Florida ta yi doka ta rushe ƙuri'ar, Gwamna Ron DeSantis ya sa hannu. Garin ya koma yana taƙaitawa a matsayun da ya mallaka, amma akwai matsaya ta 'yan kasuwa da ba ya da iko da ita. A Bar Harbor ta jihar Maine, gari mai mutum kimanin dubu biyar, an kaɗa ƙuri'a a 2022 aka sa iyakar fasinja 1,000 a rana. 'Yan kasuwar garin da kansu suka kai ƙara, alƙalin tarayya ya tabbatar da mafi yawan dokar a 2024, shari'a ta wuce kotun ɗaukaka ƙara. A Nice ta Faransa magajin gari ya yi yunƙurin hana manyan jirage a 2025, kotu ta dakatar da shi, ta ce hurumin wakilin gwamnatin ƙasa ne.

Ko kuɗin da aka tara ma ba kullum ake barin gari ya kashe yadda yake so ba. Juneau, babban birnin Alaska, tana karɓar dala 5 a kan kowane fasinja tun bayan ƙuri'ar da aka kaɗa a 1999, da wata dala 3 ta gyaran tasha. Da ta yi amfani da wani kaso a hanyar ƙafa ta bakin ruwa da wasu hidimomin gari, ƙungiyar kamfanonin ta kai ta kotu a 2016. A watan Disamban 2018 alƙali ya ce karɓar kuɗin halal ne, amma tsarin mulkin Amurka ya taƙaita kashe shi ga abin da zai amfani jirgin. Daga baya suka sasanta. Wannan garin dai, mai mutum kimanin 32,000 da ke karɓar fasinja sama da miliyan ɗaya da rabi a shekara, ya yi yarjejeniya da kamfanoni a kan jirage biyar a rana daga 2024, sannan daga 2026 fasinja 16,000 a rana, 12,000 ranar Asabar. Amma da aka tambayi mazauna a watan Oktoban 2024 ko a hana jirage zuwa ranar Asabar gaba ɗaya, mafi rinjaye suka ce a'a. Na kawo wannan don kada ka ɗauka duk mazauna baki ɗaya suke. Mai shagon tsaraba da ke cin shekararsa cikin wata biyar da dattijon da jirage masu saukar ungulu na 'yan yawo suka hana shi barcin rana, unguwa ɗaya suke zaune.

Akwai kuma sharuɗɗan hayaƙi, waɗanda ba a cika jin labarinsu ba amma sun fi harajin kai tsada ga kamfani. Jirgin da ke tsaye a tasha injinsa ba ya mutuwa, tunda sai ya ba dubban ɗakuna wuta da sanyi. Daga 1 ga Mayun 2025 duk jirgin da ke Bahar Rum dole farar wutar da ke cikin mansa kada ta wuce kashi 0.1 cikin ɗari, ko ya sa na'urar wanke hayaƙi. Tarayyar Turai ta shigar da manyan jiragen ruwa cikin tsarinta na biyan kuɗin hayaƙi tun Janairun 2024, kuma nan da 2030 tana son jiragen fasinja su kashe inji su jona da wutar gari a manyan tashoshinta. Norwe ta so ta hana duk jirgi mai hayaƙi shiga mashigan duwatsunta biyu da ke jerin UNESCO daga 2026; da ta ga babu katon jirgin da zai iya, sai ta bar 2026 ga ƙananan da ba su kai tan 10,000 ba, manyan ta ɗaga musu zuwa 2032.

A ganina harajin kai daidai ne, kuma a wurare da yawa ya yi kaɗan. Wanda ya kwana a otal yana biyan harajin kwana, babu dalilin da zai sa wanda ya kwana a kan ruwa ya taka titi ɗaya da shi kyauta. Abin da ba na so shi ne ɗan siyasa ya sanar da haraji ya ce ya magance cunkoso. Har ma akwai tarko a ciki: garin da ya saba da kuɗin kai a kasafinsa, duk jirgin da aka rage giɓi ne a wurinsa, sai ka ga mai karɓar haraji ya zama lauyan jirage. Idan kana son ka gane ko gari da gaske yake, kada ka duba nawa yake karɓa, duba ko ya rubuta adadin jirage ko na mutane a rana, da kuma wanda ke da ikon cewa jirgi na uku ya dawo jibi.

Idan kuma kai ma kana da niyyar irin wannan tafiya wata rana, ka duba abu biyu kafin ka biya. Na farko layin haraji da kuɗaɗen tasha, domin farashin da ake tallatawa ba lallai ya haɗa da shi ba, kuma kamfani na iya ƙara maka idan wata ƙasa ta sa sabon haraji bayan ka saya. Na biyu sunan tashar. Za ka ga an rubuta Benis da manyan baƙaƙe, a gefe kuma an sa Ravenna ƙanana. Tsakaninsu tafiyar sama da awa biyu ce a mota, kuma sau da yawa kuɗin motar daban ne.